FASHIN BAƘI: Me ke sa ɗan kasuwa ya damƙa lissafinsa ga intanet, me ke hana shi? Darasi daga Birnin Gwari

A ƙarshen watan Satumba na 2021, Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, domin jami'an tsaro su samu damar fatattakar 'yan bindiga a dazuzzuka. Birnin Gwari na cikin yankunan da matakin ya shafa. Makonni kaɗan kafin nan an dakatar da cin kasuwannin mako-mako a ƙananan hukumomin Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Igabi da Kajuru, an kuma hana safarar dabbobi. Sai a ƙarshen Nuwamba, bayan kusan wata biyu, Kwamishinan Tsaro da Harkokin Cikin Gida na lokacin, Samuel Aruwan, ya sanar da cewa za a maido da sabis.

A tsawon wannan lokaci, na'urar POS ta zama hoto a wuraren da aka rufe. Mai littafin bashi na takarda yana iya buɗe shi ko da hasken tocila ne, ya ga wanda yake bi da wanda ke bin sa. Wanda kuwa lissafinsa ke cikin manhajar da ba ta buɗuwa sai da intanet, sai dai ya yi tattaki zuwa inda sabis ke kamawa, a kan hanyar da kowa ke fargabar bi.

Shekara uku bayan haka, a ƙarshen Nuwamba 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu wadda ta shafe shekaru a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla da wasu gungun 'yan bindiga. Motocin hatsi da na dabbobi sun dawo kan hanya. Inda ciniki ya farfaɗo kuwa, masu tallar manhajoji ba sa nisa: ta lissafin shago, ta ƙidayar kaya a sito, ta biyan albashi, ta tattara bayanan manoma. Abin da ke gaban mai kemis, da dillalin hatsi, da mai makarantar kuɗi, shi ne ko ya karɓa ko ya dakata.

Wannan fashin baƙi ya duba abubuwan da ke yanke wannan hukunci. Abin da zai fito fili shi ne, ɗan kasuwa yana karɓar sabuwar fasaha ne idan ta rage masa haɗarin da ya fi tsoro, yana kuma gudun ta idan ta jawo masa wani haɗarin da ba shi da iko a kansa.

Mene ne ake nufi da gajimare?

Manomi yana da zaɓi biyu bayan girbi. Ko ya gina rumbu a gida ya zuba hatsinsa, shi ne mai gadi, shi ne mai yaɓe, shi ne mai maganin ƙwari. Ko kuma ya kai buhunansa siton haya a kasuwa, ya riƙa biyan kuɗin ajiya, mai sito ya ɗauki nauyin tsaro da gyara.

Haka abin yake a harkar kwamfuta. A da, kamfani kan sayi manhaja a faifai ya ɗora a kan kwamfutar ofis, bayanansa su zauna a cikinta. Idan ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan. A tsarin da masana ke kira gajimare, manhajar da bayanan duka suna zaune a manyan kwamfutocin wani kamfani a wata cibiya mai nisa, kai kuma kana shiga ta waya ko kwamfuta, kana biyan haya. Kamfanin Salesforce na Amurka, wanda aka kafa a 1999, na cikin waɗanda suka fara sayar da manhaja a wannan siga, sannan a 2006 Amazon ya fara bayar da hayar ma'ajiya da ƙarfin kwamfuta ga duk mai buƙata.

Sunan gajimare yana ruɗar mutane, domin babu abin da ke sama. Gine-gine ne a ƙasa, masu cin wuta da buƙatar sanyi. A nahiyar Afirka, Microsoft ya buɗe manyan cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a farkon 2024. A Najeriya, galibin cibiyoyin kasuwanci irin su Rack Centre suna Legas. Ke nan idan mai shago a Kuyello ya rubuta cinikin buhu biyu a manhaja, saƙon zai hau turken sadarwa mafi kusa, ya bi layi zuwa birni, ya gangara Legas, wani lokaci ma ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa wata ƙasa, sannan amsa ta dawo. Kowace gaɓa a wannan tafiya tana iya tsinkewa.

Mutanen Birnin Gwari sun riga sun shiga wannan tsari, ko da ba su kira shi da sunan ba. Kuɗin da ke asusun Moniepoint ko OPay ba a cikin na'urar POS suke ba. Hotunan kaya da ake turawa ta WhatsApp ta kwamfutocin kamfani suke bi. Don haka batun ba na shiga ko ƙin shiga ba ne. Batun shi ne, wane ɓangare na kasuwanci mutum ya yarda ya miƙa, wane kuma ya riƙe a hannunsa.

Abin da masu bincike suka gano

Nazarin yadda mutane ke karɓar sabon abu ya samo asali ne daga gonar masara. A 1943, wasu masana biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun wallafa bincike kan yadda manoman jihar Iowa ta Amurka suka karɓi ingantaccen irin masara. Sun gano cewa yawancin manoman daga bakin 'yan talla suka fara jin labarin irin, amma maƙwabtansu ne suka fi shawo kansu. Sun kuma gano cewa manomi kan fara gwadawa ne a wani ɗan yanki na gonarsa, kafin ya shuke ta duka bayan wasu shekaru.

A 1962, Everett Rogers ya faɗaɗa wannan nazari, ya lissafa siffofi biyar da ke sa sabon abu ya yaɗu: fifikonsa a kan abin da ake da shi, dacewarsa da al'adar masu amfani, sauƙinsa, damar gwada shi kafin a dulmiya, da kuma yadda ake iya ganin amfaninsa a wurin wasu. A 1989, Fred Davis ya taƙaita batun kwamfuta a tambayoyi biyu: shin mutum yana ganin abin zai amfane shi, kuma yana ganin zai iya sarrafa shi ba da wahala ba? A 1990 kuma, Louis Tornatzky da Mitchell Fleischer suka ce idan kamfani ne zai yanke shawara, abubuwa uku ake dubawa: ita kanta fasahar, tsarin kamfanin, da muhallin da yake aiki a ciki.

Waɗannan ma'aunai suna da amfani, sai dai an gina su a ƙasashen da wutar lantarki da layin waya ba abin tattaunawa ba ne. A yanki irin Birnin Gwari, muhalli ne ke zuwa farko, sauran su biyo baya.

Na ɗaya: riba da ido ke gani

Garin Birnin Gwari yana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Kaduna da Tegina a Jihar Neja, ta zarce kudu maso yamma har Legas, ga kuma hanyar da ta nufi Funtuwa. Yankin ya yi suna wajen noman masara, dawa, shinkafa da waken soya. Yana kuma ƙunshe da dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Fiye da shekara goma, waɗannan dazuzzuka sun zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane.

A irin wannan hanya, jakar kuɗi bala'i ce ga mai ɗauke da ita. Ɗan sari da ya taso daga Kano ko Ibadan zai sayi tirela guda ta masara, yana buƙatar hanyar biya wadda ba ta sa shi ɗaukar miliyoyi a mota. Tiransifa da POS sun biya wannan buƙata kai tsaye, kuma amfaninsu a bayyane yake, domin alat na shigowa kowa ya gani. Gani ya kori ji.

Sauyin fasalin naira ya ƙara ingiza mutane. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sabunta takardun naira 200, 500 da 1,000, kuma zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Jihar Kaduna na cikin jihohi uku, tare da Kogi da Zamfara, da suka fara kai ƙarar Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Kafin a kai ga haka, masu shayi da mahauta da masu sayar da hatsi da mudu da dama sun buɗe asusu a waya, domin wanda ba ya karɓar tiransifa ba ya ciniki.

Makamancin haka ya faru a Jamhuriyar Nijar tun kafin zuwan manhajoji. Binciken da Jenny Aker ta wallafa a 2010 kan kasuwannin hatsi na ƙasar ya nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. 'Yan kasuwa sun rungumi wayar ne saboda kira ɗaya ya maye gurbin tafiyar yini.

Manhajar lissafi ba ta da wannan gata. Ribarta a hankali take zuwa: gano kayan da ke kwantai, gano inda kuɗi ke zurarewa, sanin ainihin riba a ƙarshen wata. Maƙwabci ba ya ganin wannan daga waje. Ga wanda littafinsa bai taɓa ba shi kunya ba, biyan kuɗi domin ribar da ba a gani nan take yana kama da cinikin biri a sama.

Na biyu: sabis da wuta

Turken sadarwa yana buƙatar dizal, da mai gadi, da injiniyan da zai zo gyara. Dukkansu sai sun bi hanya. Inda hanya ba ta biyuwa, turke kan mutu a bar shi a mace, kamfani kuma ba ya ɗokin kafa sabo a wurin da ba ya da tabbacin zai mayar da kuɗinsa. Shi ya sa a ƙauyuka da dama na gefen daji, mutane sun san tudu ko bishiyar da ake zuwa neman sabis. Sabis ɗin da zai isa a yi kira kuma ba lallai ne ya isa a buɗe manhaja ba.

Wuta ma haka. A watan Oktoba 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu. Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, wanda kamfanin rarraba wuta na ƙasa, TCN, ya ce matsalar tsaro ta kawo cikas wajen gyara shi. Tun bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023, tayar da janareta domin cajin kwamfuta ya zama abin da sai an yi lissafi.

Tsinkewar na iya zuwa daga nesa. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin wasu bankunan Najeriya suka tsaya cak. Ranar 20 ga Oktoba 2025, matsala a wata cibiyar Amazon da ke Amurka ta durƙusar da manhajoji masu yawa a faɗin duniya na tsawon sa'o'i. Bambancin shi ne, waɗancan sa'o'i ko kwanaki suka ɗauka, a Birnin Gwari kuwa an ga ta makonni. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya.

Akwai mafita ta fasaha, kuma ba sabuwa ba ce. Ana iya gina manhaja ta yadda za ta riƙa ajiye bayani a cikin waya, ta ci gaba da aiki ba tare da intanet ba, idan sabis ya samu ta tura kwafi zuwa cibiya. Manhajojin ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna tattara bayanai da su a karkara, a kan wannan tsari suke. Duk manhajar kasuwancin da ba ta da wannan siffa, an gina ta ne domin Legas da Abuja.

Intanet na tauraron ɗan'adam ma ya shigo. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a watan Janairu 2023. Yana iya amfanar asibiti, makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa da za su haɗa kuɗi, amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin ƙaramin shago.

Na uku: haya da dala, ciniki da naira

Masu tallar gajimare kan ce ya fi arha, domin ba sai ka sayi babbar kwamfuta ko ka ɗauki injiniya ba. Wannan gaskiya ne a ranar farko. Sai dai haya ba ta ƙarewa, kuma manyan manhajojin duniya da dala ake yi masu farashi.

A tsakiyar Yuni 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa a kusan naira 460 a farashin hukuma, ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu 2024. A ƙaddara manhaja ce ta dala 10 a wata. Kafin sauyin, naira 4,600 ke nan. Bayan wata takwas ta koma naira 15,000, alhali ba a ƙara mata komai ba. A kan haka akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ga kuma kuɗin data, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025.

Kamfanonin cikin gida ma ba su tsira ba, domin su ma da dala suke sayen na'urori da hayar cibiyoyi. Kamfanin Kippa, wanda ya yi suna da manhajar lissafi ta ƙananan 'yan kasuwa, ya rufe sashensa na POS a ƙarshen 2023, a daidai lokacin da faɗuwar naira ta tsauwala tsadar na'urorin. An fara ganin gyara ta wannan fuska. Kamfanin Zoho na Indiya yana sa farashinsa da naira, Amazon ya fara karɓar naira a farkon 2025, MTN kuma ya buɗe babbar cibiyar bayanai a Legas a tsakiyar shekarar, yana bayar da haya da kuɗin gida.

Akwai kuma matsalar da canjin kuɗi ba ya warwarewa, wato lokaci. Kuɗin yankin noma da kaka suke shigowa. Dillalin hatsi yana iya juya miliyoyi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya zauna kusan hannu rabbana da damina. Manhaja kuwa kowane wata take neman nata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma idan aka kasa biya tana iya kulle mutum daga bayanansa. Kayan aro ba ya rufe katara. Na'urar POS ta samu karɓuwa ne saboda tsarin cajinta ya yi kama da la'adar da kasuwa ta saba da ita: an yi ciniki a cire kaɗan, ba a yi ba babu abin da za a cira.

Na huɗu: wa ke ganin sirrina?

A birane, idan ana maganar tsaron bayanai, ana nufin masu kutse ne. A yankin da aka sha fama da garkuwa da mutane, maganar ta fi haka nauyi. Sanin yawan abin da mutum ya mallaka shi ne matakin farko na yanka masa kuɗin fansa, kuma tsoron infoma ya sa mutane sun koyi ɓoye samu ko ga makusanta. Attajirin da aka ce ya rubuta duk cinikinsa a manhajar da yaron shagonsa ke riƙe da lambar sirrinta, dole ya yi tunani sau biyu.

A nan gajimare yana da fuska biyu. Idan aka ƙona shago ko aka ƙwace waya a hanya, littafin takarda ya tafi ke nan, amma bayanan da ke cibiya suna nan, za a iya buɗe su a wata wayar. Ga wanda aka tilasta wa barin ƙauyensa cikin dare, wannan babbar kariya ce. Amma idan wayar da aka ƙwace ba ta da makulli, ko tana cike da saƙonnin alat, to ta zama mai tona asiri. Kyakkyawar manhaja tana ba maigida damar raba iko: yaro ya shigar da ciniki, amma ba ya ganin jimilla. Ba kowane mai shago ne aka yi wa bayanin wannan ba.

Ta fuskar doka, an samu ci gaba. A watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ɗora wa kamfanoni nauyin kiyaye bayanan da suka karɓa. Amma ofishin hukuma yana Abuja, mai shago yana Randagi. Abin da ya fi yarda da shi shi ne wakilin kamfani da ya san gidansu, wanda zai iya riƙe wa riga idan kuɗi suka maƙale. Kamfanonin POS sun fahimci haka, shi ya sa suka baza wakilai 'yan gari. Masu manhajar lissafi da yawa kuwa lambar waya da adireshin imel kawai suke bari.

Na biyar: tsarin gidan kasuwa

Yawancin kasuwancin yankin na mutum ɗaya ne da yaransa. Babu sashen kwamfuta, babu akanta. Maigida ne ke yanke hukunci, sau da yawa kuma ɗansa ko ƙanensa da ya yi boko ne zai riƙe wayar. Ke nan karɓar manhaja yana nufin miƙa wani yanki na iko ga na ƙasa, kuma ba kowane dattijo ne zai yi wannan da sauƙi ba.

Sai kuma dacewa da yadda ake ciniki. Kasuwar hatsi da buhu da tiya da mudu take aiki, akwai gyara, akwai la'ada, akwai kuɗin dako da na lodi. Ana ba manomi taki da damina ya biya da buhu da kaka, a farashin da ba a sani ba tukuna. Ana bayar da bashi a kan mutunci, ana ɗaga wa mutum ƙafa idan ya yi rashi, ana yafe wani ɓangare. Manhajar da aka zana domin kantin zamani, mai kaya masu lamba da farashi tsayayye, ba ta da gurbin waɗannan. Idan sai mutum ya sauya yadda yake kasuwanci kafin manhaja ta yi masa aiki, zai ajiye ta.

Harshe ma shinge ne. Akwai 'yan kasuwa masu kaifin lissafi waɗanda da ajami suke rubutu, ko kuma da ka suke riƙe komai. Saƙon murya na WhatsApp ya samu karɓuwa ne saboda bai tambayi kowa takardar makaranta ba. Manhajar da ke magana da Hausa, mai karɓar murya, mai manyan alamomi, ita ce za ta shiga kasuwar ƙauye.

Na shida: matsin lamba daga sama

Sau da yawa ba ra'ayin ɗan kasuwa ne ke sa shi shiga ba, wanda yake hulɗa da shi ne ke jan sa. Kamfanonin noma irin su Babban Gona da AFEX, waɗanda ke aiki da manoman hatsi a Jihar Kaduna, da manhaja jami'ansu ke yi wa manomi rajista, su rubuta abin da aka ba shi da abin da ya kawo. Manomin da ke son taki da iri a kan bashi ya shiga gajimare ke nan, ko bai taɓa riƙe babbar waya ba.

Masu bayar da rance ma suna jan mutane. Kamfanoni irin su Moniepoint suna duba tarihin cinikin da ya bi ta asusun mutum kafin su ba shi bashi. Ga wanda ba shi da takardar fili da banki zai karɓa jingina, rubutaccen tarihin ciniki ya zama kadara. Wannan na iya zama hujja mafi ƙarfi da za ta sa mai shago ya fara rubuta lissafinsa a manhaja.

Gwamnati tana turawa ta nata ɓangaren. A 2024 an wajabta wa masu sana'ar POS yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda ta intanet ake cike takardunta. A watan Yuni 2025 aka sa hannu a sababbin dokokin haraji, an kuma fara tsarin rasit na intanet da manyan kamfanoni. Idan babban kamfani ya shiga, a hankali zai buƙaci masu kawo masa kaya su ma su bi sahu. Sai dai wannan takobi mai kaifi biyu ne, domin tsoron cewa duk abin da aka rubuta jami'in haraji zai gani yana sa wasu su gwammace takarda.

Abin da ya kamata a tambaya kafin a biya

Mai kasuwancin da aka kawo wa tallar manhaja yana da haƙƙin ya nemi amsa a kan abubuwa shida. Shin tana aiki idan babu sabis, kuma na tsawon kwana nawa? Da naira ake biya ko da dala, kuma wa ke da ikon ƙara farashi? Idan na daina biya, ko kamfanin ya rufe, ta yaya zan kwashe bayanaina? Wa ke iya ganin lissafina a cikin shagona da kuma a cikin kamfanin? Idan waya ta ɓata, me zai faru? Wa zan kira, kuma a wane gari yake?

Hikimar manoman Iowa tana aiki a nan: a fara da ɗan yanki. A gwada manhajar a lissafin bashi kaɗai, ko a ƙidayar kaya kaɗai, na tsawon kaka guda, littafi yana gefe ana rubutawa. A kuma riƙa fitar da kwafin bayanai a ƙarshen kowane wata a adana.

Ga hukumomi, aikin ya fi rarraba wayoyi da shirya bita. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin shimfiɗa wayar intanet a gefen hanyoyinta tun 2020, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ayyana kayayyakin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Amma waya ba ta shimfiɗa kanta, injiniya kuma ba zai shiga inda ba zai fito ba. Gyaran hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, farfaɗo da turakun da suka mutu tare da sa masu sola, da ɗorewar zaman lafiyar da aka samu, su ne ginshiƙan da kowace manhaja za ta tsaya a kai.

Akwai kuma batun da ya rage a kan teburin gwamnati. Katse layukan sadarwa mataki ne da aka ɗauka a Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna a 2021, kuma babu abin da ya hana a sake ɗaukar sa. Muddin ɗan kasuwa ya san cewa sanarwa ɗaya tana iya raba shi da asusunsa da lissafinsa na makonni, zai ci gaba da riƙe tsabar kuɗi a ɓoye da littafi a aljihun teburi, kuma yana da hujja. Fayyace ƙa'idar da za a bi kafin a katse sabis, da wa'adinsa, da tanadin da za a yi wa masu asusu a waya, zai yi wa karɓar fasaha a Birnin Gwari amfanin da talla ba za ta yi ba.